Muryar Malam Isiyaku

Har gobe ba zan manta da ranar da mamaci ya yi magana a ajina ba. Lokacin ina sabon malami mai Gireti Uku, wato ƙaramar shaidar koyarwa, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Hukumar En'e ta tura ni wata firamare kusa da Gozaki, in maye gurbin wani dattijo, Malam Isiyaku, da ya rasu da kaka.

A ajin akwai Kande, 'yar wani Bamaguje manomin auduga. Ba ta kallon allo. Kullum kanta a kife bisa benci, ido a rufe, kowa ya ɗauke ta daƙiƙiya.

Wata rana da hantsi hadari ya haɗo, aji ya yi duhu. Na tambayi inda kogin Kwara ya faɗa teku. Sai wata murya mai kauri, ta tsoho, ta taso daga baya. Ta jero garuruwan bakin kogin ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya ta yi tari, ta ce, "Kai Audu, zauna daidai!"

Babu mai suna Audu a ajin. Bakin Kande ne ke motsi, idonta a rufe. Yara suka watse da ihu, wasu ta taga.

Hedimasta, Malam Garba, ya shigo ya sa ta maimaita.

"Isiyaku ne, har tarin," in ji shi. "Yarinyar nan da iska. A gidansu ana bori. Gobe kada ta zo."

"Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa Juma'a."

Da ƙyar ya yarda.

Da la'asar na iske ubanta, Nomau, a gona. Da ya ji, dariya ya yi.

"Malam, bara awakina take kiwo a gindin tagar ajin Malam Isiyaku. Abin da ya shiga kunnenta ba ya fita. Kaza ma in ta kwaikwaya, 'yan tsaki binta suke."

Na kai wa Hedimasta wannan bayani. Ya bar ta, amma bai ƙara shiga ajina ba sai da bisimilla. Ni kuwa na dawo da ita gaba, duk abin da na rubuta sai na faɗe shi da ƙarfi, baƙi da wasali. Kafin ƙarshen shekara tana karatu.

Wata safiya ina zagayowa na ji ana ba da darasi a ajina, da muryata, ni ina tsaye a waje. Na san ita ce, amma sai da tsigar jikina ta tashi.

Ku sababbin malamai, in kun ga yaro ya rufe ido, ku tambaye shi da baki kafin ku ce barci yake. Kuma ku kula da abin da kuke faɗa a aji. Akwai mai ɗauka duka, har tarin.