Casa'in da ɗaya

Ina aji ɗaya na sakandare Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ya yi shekaru yana aiki a ofishin awon filaye, mutum ne mai magana kamar rediyo, sai ga shi kwance a ɗakinsa a gidanmu na Unguwar Dosa, bakin ya karkace, ko "ruwa" ba ya iya cewa.

Masu dubiya suka riƙa hira a kansa kamar babu shi a ɗakin. Wannan abu ya ƙona min rai, har yau ma idan na tuna sai ya ƙona. Baffa, yayan Baba, shi ya fi kowa. Ranar da nake ba da labari, a bakin gadon ya tsaya bayan la'asar ya ce wa Umma, "Ai bawan Allahn nan ba ya gane komai. Gobe a kai shi ƙauye, ki huta." Umma ba ta iya musu da Baffa, sai ta sunkuyar da kai.

Da suka fita tsakar gida, na zauna a tabarma gefen gadon da aikin lissafi. An ce mu yi ta raba lamba har sai ta koma ƙananan lambobin da ba sa rabuwa. Ni kuwa ba na iya lissafi sai da baki. Na raba ɗari da tamanin da biyu gida biyu, na samu casa'in da ɗaya. Na gwada biyu, ta ƙi. Uku ma ta ƙi, biyar ta ƙi.

"Shi ke nan, wannan ba ta rabuwa," na ce.

Sai na ji ƙwas a ƙarfen gado. Zoben hannun hagun Baba ne. Na ɗauka ƙuda yake kora, amma ya sake bugawa a hankali, idonsa a kaina. Da ya kai ƙarshe ya dakata, ya faro daga farko. Wannan karon na ƙirga, bakwai.

Na raba casa'in da ɗaya gida bakwai. Sha uku cif, babu saura.

Na ruga na jawo Umma, ina kuka ina bayani a birkice. Ta durƙusa kusa da kansa ta ce, "Malam, ka ji abin da Yaya ya ce ɗazu? Kana son tafiya?"

Baba ya damƙi ƙarfen gadon har jijiyoyin hannunsa suka fito, ya ƙi saki.

Umma ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta leƙa ƙofa. Ban taɓa jin ta ɗaga wa Baffa murya ba sai ranar.

"Yaya, shigo," ta ce. "Mai gidan yana nan. Ka tambaye shi da kanka."