Layi Huɗu na Baba Arzika

Da kakar bana Baba Arzika, wan mahaifina, ya cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Hatsi ya fara nuna a gonarmu da ke kusa da Tabla, ni kuwa duk lokacin da na dubi gefen gabas na gonar sai na tuna da shi.

Baba yana salla, yana azumi, amma bai taɓa sakin abin da ya gada ba. Ranar shuka sai ya zuba gumba a gindin gawon da ke bakin gona. Ranar girbi kuma ya bar layi huɗu a tsaye a gefen gabas, ya ce rabon masu ƙasa ne, wato iskokin da suka riga mu zama a wurin. Bayan haka kwana bakwai ba mai zuwa gefen, ba mai ko waiwayensa, don an ce wanda ya leƙa idonsa zai rufe. In kwanakin suka cika sai a tarar da kara kawai, zangarniya ko ɗaya babu.

Ni da na yi lakwal, wato boko, a Yamai, na ɗan saurari wa'azi, sai nake jin na fi tsohon sani. Na taɓa tsare shi na ce yaushe iskoki suka fara cin hatsi. Bai ko ɗaga kai daga damen da yake ɗaurewa ba. Ya ce, "Kai dai bar shi. Wanda anka bar ma ya san kainai."

Shekarar da ya rasu damina ta yi gardama. Ni na ja ƙannena muka yanke layukan nan tas, har ina cika baki cewa mun rabu da shirka. Gidaje da yawa suka bi sahunmu.

Bayan kwana biyu Inna Hajo, wata tsohuwa maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ba ta da ɗa, ta shigo gaisuwa. Tana murmushi ta ce, "Bana masu ƙasa ba su samu ba?" Ni sakarai na zauna na yi mata dogon bayani a kan tauhidi. Ta saurara har na gama, ta yi godiya ta fita. Kafin rani ya raba, matar da ba a taɓa jin ta roƙi ko gishiri ba tana zaune a bakin kasuwar Filinge da ƙwarya a gabanta. A nan na gane wa ke cin hatsin, na kuma gane dalilin da ya sa aka hana mu leƙe. Kunyar da na ji ranar har yau ba ta sake ni ba.

Da Baba zai tashi yau, ban san me zai ce ba. Mutane na girbe hatsi ɗanye don kada a riga su. Ana gadin gona da sanda. Waɗanda rashin zaman lafiya ya koro daga wajen Abala suna wucewa da yunwarsu, ba abin da aka ajiye musu, mu da su muna kallon juna da ido ɗaya. Ba wanda ke tsoron gawo yanzu, kuma ban ga abin da muka sa a madadinsa ba. Wannan ne ke ba ni tsoro.

Har gobe ba zan zuba wa iska gumba ba. Amma na yarda tsohon nan ya san hanyar ciyar da mutum ba tare da an tona masa asiri ba, ni da karatuna ban sani ba.

Makon jiya na je kasuwa na durƙusa gaban Inna Hajo, na ce bana zan bar layi huɗu, har da ƙari. Ta gyara zaman ƙwaryarta.

"Yanke abinka, ɗana," in ji ta. "Yanzu kowa ya san wa ka cin hatsin."