Bindigar da Muka Rufe wa Baki a Ka'akiyya

Ƙanena ma'aikacin baladiyya ne a Makka, wato hukumar da ke kula da tsabtar gari. Haka muke gaya wa duk wanda ya tambaya, kuma ba ƙarya muke yi ba. Abin da ba ma ƙarasawa shi ne, aikinsa harbin karnuka ne. Bayan gidajen unguwar Ka'akiyya a wancan zamani duwatsu ne da juji, nan karnuka marasa masu su suke kwana. In zafi ya tsananta sai wasu su haukace, su faɗa wa awaki da yara. Malamai sun ce mahaukacin kare ya halatta a kashe shi ko a cikin Harami, amma wannan bai hana mutane janye hannu daga kwano in ƙanena ya zauna ba. Maƙwabtanmu Larabawa da yawansu Shafi'awa ne, kare a wurinsu najasa ne tun daga hanci har wutsiya. Mu Malikawa mun fi su sassauci a littafi, amma mun fi su kaifin baki.

Ni kuwa na dawo ke nan daga yawo. Na zauna a Hartum, na yi dako a Asmara, na yi sanyi biyu a Alƙahira. Na ga masu wannan aiki a kowane gari, ban taɓa ganin inda ake gaishe su da hannu biyu ba. Ina tafinta ga wani mai saukar alhazai, ina sa farar riga mai guga, kuma ina jin kunyar aikin ƙanena fiye da yadda shi yake ji.

Ba a daɗe da samun mulkin kai a gida ba sai Innarmu ta iso. Ta taso daga Kano ta biyo ta Chadi da Sudan, ta yi shekaru a hanya tana suyar ƙosai, ta zo da niyyar a binne ta a Makka. Muka kama gida a ƙarshen unguwa, gab da duwatsun. Ba ta jin Larabci, matan Hausawa kuma suna jin nauyinta, ba mai kawo mata zancen aikin ɗanta. Auta, haka take kiran ƙanena, yakan fita bayan asuba ta ƙofar gaba, ya zaga ya karɓi bindigoginsa a ɗakin ajiyar baladiyya, ya naɗe fuska da mayafi. Da hantsi sai ƙara ta tashi a bayan katangarmu.

"Wane marar kunya ne ke harbi a garin Allah?" in ji ta.

Na ce ma'aikacin hukuma ne, karnuka yake kora.

"An ce Bahaushe ne ma," ta ce wata rana muna cin tuwo. "Ko ɗan wace ce, Allah ya ba ta haƙuri. Ka haifi yaro ya zo har Makka ya ƙare a kisan kare!"

Auta ya ce amin, kansa a cikin kwano.

Kullum ƙarar ta tashi sai zancen ya tashi. Har ta fara cewa za ta tsaya a bakin katanga ta ga mutumin, ta yi masa nasiha. Ranar nan Auta ya same ni a waje.

"Yaya, kai da ka san duniya, an ce akwai wani ƙarfe da ake ɗaura wa bakin bindiga ya shanye ƙarar. Katim sunansa. Shugabanmu ya ce in na samo da kaina zai ba ni takardar izini, don alhazai ma suna ƙorafi."

"Ka bar aikin mana, ya fi sauƙi."

"In bari in ci guga? Kai ne za ka biya haya da farar rigarka?"

Muka shiga motar Jidda. Akwai wani tsohon Bature ɗan Italiya kusa da tashar jirgin ruwa da ke sayar wa ma'aikatan kamfanoni kayan farauta. Na yi masa Italiyancin 'yan dako da na koyo a Asmara, ya yi dariya har da tari, ya ce ya daɗe bai ji an zagi harshen uwarsa haka ba. Auta ya kwance buhu ya fito da bindigogi biyu: babba irin ta tsofaffin sojan Ingila, da ƙarama mai harsashi kamar kan yatsa. Baturen ya ɗora mana katim iri biyu a kan tebur, ina fassara.

Mai faɗin ramin, in ji shi, yana hawa duka biyun in an yi wa kowace mahaɗi. Amma a kan babbar dushe ƙarar kawai zai yi, za a ji ta har unguwa ta gaba, a kan ƙaramar kuma ramin ya yi mata yawa, ƙara za ta zurare. Siririn na ƙaramar ne ita kaɗai, kuma da shi ba za a ji fiye da tafin hannu ba. Ya ɗaga yatsa ya ce kada a kuskura a sa siririn a babbar, sai dai in mutum ya gaji da fuskarsa.

"Mai faɗin," in ji Auta. "Babbar ce ke kayar da kare daga nesa, harbi ɗaya, bai ma san abin da ya same shi ba."

"Ya shehi, ba don kare muka zo ba, don Inna muka zo. Abin da za a ji a unguwa ta gaba, ba za a ji shi a ɗakinta ba?"

"Da ƙaramar sai na matsa kusa. Wani sa'in sai na ƙara."

"Sai ka matsa."

Baturen yana kallonmu ya tambaye ni wace dabba ce ake musu a kanta haka. Na ce barewa. Ban iya furta kare ba ko da harshen da ba wanda ya san ni a cikinsa. Muka ɗauki siririn.

Abin ya yi aiki yadda aka ce. Bayan gida ya yi tsit. Inna ta yi hamdala, ta ce da alama mutumin ya tuba. Ni ma na saki jiki. Auta ne ya canja. Da, harbi ɗaya na babbar bindiga yakan watsa garken, su haye dutse su yi kwanaki ba su dawo ba. Yanzu ɗaya zai faɗi, sauran su tsaya suna shinshina shi. Ba su gudu, don haka suka yi ta matsowa juji kusa da gidaje, shi kuma yana binsu. Yakan dawo ya wanke hannu ya daɗe, abincin ma sai ya tsakura.

Abin da bai zo mana a rai ba shi ne, ƙarar ce ke tsare Inna a cikin gida. Macen da ta ratso Sudan ba mai zama ba ce. Da ta ji shiru sai ta fara leƙa bayan katanga tana tsintar ƙirare da katakon akwatuna na hura wuta. Wata safiya ta zaga wani dutse, sai ga mutum tsugune kusa da kare mai shure-shure, yana shirin ƙara masa. Fuskarsa a rufe take, amma ita ce ta ɗinke kafaɗar rigar da ke jikinsa.

Ina shan shayi ta shigo ba itace. Ta zauna a bakin tabarma. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kiran sunana.

"Kai wannan. Ka sani?"

Na ce na sani.

"Ranar da na yi wa uwarsa addu'a, kana zaune?"

"Ina zaune, Inna."

"Kuka bar ni ina zagin cikina a garin Allah."

Da Auta ya dawo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye shi ko ya karya, ya ce a'a, ta zuba masa koko. Ta tambayi wancan ƙarfen na bakin bindiga na mene ne. Ya dube ni, na dubi ƙasa, sannan ya ce don kada a ji ne. Ta ce, "Wa?"

Kafin sati ya zagayo ta ɗaure kayanta ta koma unguwar Rusaifa wurin wata 'yar ƙanwarta. Ta ce can ya fi kusa da Harami, kuma gaskiya ne. Na je na yi magiya da duk irin lafazin da na iya, ta saurare ni har na gama, ta ce ba ta fushi da kowa, sai dai ba ta iya kwana a gidan da ake lura da abin da kunnenta zai ji.

Auta ya kai katim ɗin ɗakin ajiya, ya koma wa babbar bindigarsa. Ya yi shekaru yana aikin kafin a mayar da shi sashen shara. Kowace Juma'a mukan je Rusaifa mu gaishe ta, mu zauna a tabarma ɗaya. Takan tambaye shi aiki, ya ce alhamdu lillahi, ta ce Allah ya tsare. Ni kuma ta tambaye ni alhazai. A can ta rasu, ba ta sake kwana a gidanmu ba.