Kwamfutar jikana a firizar zoɓo

Na buɗe firiza zan ɗauko wa mai saye zoɓo, sai ga kwamfutar jikana Razak kwance a ciki kamar kifi. Zoɓona kuwa yana ƙasa, duk ya huce.

Na ce, "Kai maigida, ita ma ta sayarwa ce?"

Ya ce, "Kaka, gudun hotonta na ƙara, shi ne take zafi. Gwaji nake, makinta ya kusa wuce na abokina na unguwar Agoè!"

Makin ya wuce ɗin. Yana fito da ita cikin zafin Lome ta yi gumi, ta mutu.

Ko marigayi mijina bai samu kukan da ta samu ba.

Masu zuwa ta'aziyya, akwai zoɓo mai ɗumi. Ku ma haka naku jikokin suke?