Orville Tackett, Shugaban Zumar Bogi

Orville Tackett ya girma a garinmu na jihar Kentucky da suna guda: Dolo. Malamin makaranta ne ya fara kiransa haka, mai shagon taya da ya yi wa aiki ya ɗora, Dewey yayan matarsa kuma ya mayar da shi kamar sunan yanka.  Orville kuwa hula yake gyarawa ya wuce.

Ya haura hamsin lokacin da ya fito da dabarar zuma. Shi da Dewey suka riƙa dafa ruwan sikarin masara a garejin bayan gida, su ɗura a kwalba, su manna hoton dutse da ƙudan zuma, su aika wa masu saye a wasu jihohi. Da a bakin titi suka tsaya sayarwa, da ƙaramar kotu ce za ta ji da su. Amma kaya sun bi ta gidan waya, sai magana ta zama ta gwamnatin tarayya, ta iso kotun da nake akawu.

A wurinmu da maki ake auna hukunci. Laifi yana da makinsa, girman asarar da aka jawo ya ƙara, amsa laifi ya rage. Wanda ya shugabanci aikin a ɗora masa, ɗan rakiya a sauke masa. Daga nan alƙali ya duba jadawali ya ga watannin da suka dace. Orville ya riga ya amsa laifi. In aka yarda ɗan rakiya ne, ɗaurin talala zai yi a gidansa. In ba haka ba, gidan yari.

A baranda na ji lauyarsa, Misis Pruitt, tana ja masa kunne.

"Mista Tackett, aikinka ɗaya yau. Ka zauna kamar wanda bai san komai ba."

Dewey, wanda nasa hukuncin sai mako mai zuwa, ya ce, "Wannan ai ba sai an koya masa ba."

Da aka zauna, Misis Pruitt ta miƙe. "Ranka ya daɗe, dubi bawan Allahn nan. Lambar wayarsa ma ba ya riƙewa. Kwalba kawai yake wankewa, basirar duk ta wani ce."

Lurleen, matar Orville, ta gyaɗa kai. Dewey ya saki dariya ƙasa-ƙasa. Wannan dariyar ce ta tayar da Orville tsaye.

"Wa ke wanke kwalba? Ni? Ranka ya daɗe, wancan ƙaton ko shayi bai iya dafawa ba! Ni na gano yadda ake ƙona sikarin ya yi ja. Ni na zana ƙudan. Ni nake ce masa tafi, ya tafi!"

Lauya ta ja masa riga, ya fizge. Alƙali ya sauke tabarau ya ce, "Ka gane abin da kake faɗa kuwa?"

"Sarai!"

Baki shi ke yanka wuya. Aka soke ragin ɗan rakiya, makin shugaba ya hau, aka ba shi shekara guda da 'yan watanni. Dewey kuwa, da makonsa ya zo, lauyansa ya karanto kalaman Orville kaf, aka sallame shi ya je gida ya yi talala.

A ƙofar kotu Lurleen ta dubi mijinta, idonta ya yi ja. "Wallahi kai dolo ne, Orville."

Ya gyara hula. "Ba haka alƙali ya ce ba, Lurleen. Tambayi akawu."

Ta juyo gare ni. Na ce mata gaskiya ne, shugaba aka rubuta.