Tanimu da Kardan ɗin Goggo

Tanimu ƙanena ne, kuma ga yadda gidanmu yake: mata ne muka yi jere kafin Allah ya kawo shi. Mun goya shi, mun shagwaɓa shi, mun kuma dake shi daidai gwargwado. Tun yana ƙarami duk abin da ke da ƙusa a gidan sai ya kwance shi, har babanmu ya bar duniya rediyonsa bai ƙara magana ba. Da aka ga karatu ya ƙi shi, shi ma ya ƙi karatu, sai aka kai shi garaji. Yau ga shi da furfura a gemu, da garajin kansa a bakin hanyar da ta fita Tawa ta nufi Barmu. Ni kuma a ƙofar garajin nake sayar da dambu da zogale, saboda haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba.

'Yan kabu-kabu, masu ɗaukar mutane a moto, wato babur, su suka mai da garajin fadarsu. Nan suke shan shayi, nan suke cin dambuna suna cewa gishiri ya yi kaɗan. Ka gan su da tabarau da wandon zamani ka ɗauka kiɗan birni suke ji, alhali ba abin da ke sa su tsit kamar gurmin Alƙasum. Alƙasum wani tsoho ne daga wani ƙauye bayan Barmu, mai waƙar manoma da 'yan kokawa da samarin Adar da suka tafi neman abinci bakin teku suka bar mata da gona. Kowane moto akwai 'yar sifika ɗaure da roba, kuma muryarsa ce a ciki. Tanimu ne ke zare masa tsirkiya daga wayar birkin moto, yana gogewa yana lallaɓawa kamar mai shirin yi wa amarya sarƙa.

Don wannan tsoho suka haɗa ƙarfi suka sayi wata tsohuwar kat-kat, irin motar nan mai ja da ƙafa huɗu, wadda kaji suka daɗe suna ƙwai a cikinta. Suka sa mata suna Goggo, domin sai an lallashe ta take tashi, in ta tashi kuma sai mita. Kowace Juma'a bayan masallaci za ka ga ƙafafun maza sun leƙo daga ƙarƙashinta, gurmi na tashi, ana gardamar wace ƙusa ce ta wane gari. Aikinta ɗaya ne: in ana biki ko suna, ta je ta ɗauko Alƙasum. Akwai ƙorama mai rairayi tsakaninmu da ƙauyensu, ƙugun tsohon kuma ya daina jure moto.

To, makanikai suna da wata ɗabi'a da ban taɓa so ba. Motar da ke tsaye, a wurinsu, rumbu ce. In ta abokinka ta lalace, sai ka cire abu daga wadda ke tsaye ka ara masa, in ya dawo a mayar. Ba sata ba ce, kowa na yi. Wata Asabar cikin damina Yunusu, direban da ke jigilar kasuwannin arewa, ya zo yana rantse-rantse kardan ɗinsa ya karye. Kardan shi ne dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafun gaba. In babu shi mota na tafiya lafiya lau a kan kwalta, sai ta shiga rairayi asirinta ke tonuwa. Na ga Yunusu ya fita da wani abu naɗe cikin buhu, ban san ko mene ne ba. Tanimu bai shawarci kowa ba, ga shi kuwa Goggo ba tasa ce shi kaɗai ba.

Ranar Litinin aka wayi gari da ruwan sama. Da hantsi wayar Talle, shugaban 'yan kabu-kabun, ta yi ƙara. Nusaiba ce, 'yar Alƙasum, tana kuka: tsohon ya faɗi a gona, bakinsa ya karkace, hannun dama ba ya motsi.

Talle ya daka tsawa, "Tanimu, tada Goggo! Don irin ranag ga munka aje ta."

Ina kallon fuskar ƙanena. Ya dubi motar, ya dubi mutanen da suka kewaye shi. Kalma ɗaya ta ishe shi. Akwai kat-kat a tasha, da ya buɗe baki da an samo wata kafin shayi ya huce. Amma fa dole sai ya faɗa a gaban kowa cewa ya ba da aron kayan jama'a a ɓoye. Kunya ta riƙe masa harshe, ya kuma yaudari kansa cewa wataƙila ƙoramar ba ta kawo ba. Ya hau ya murɗa makulli.

Sauran labarin daga bakin Talle na ji. Goggo na shiga jiƙaƙƙen rairayi ƙafafun baya suka hau juyi a wuri ɗaya, na gaba ko gezau. Kafin a ankara cikinta ya zauna a laka, ba mai iya leƙa ƙarƙashinta. Kowa ya ce tsufa ne ya kama ta. Suka yi ta haƙa, suna sa itace, suna turawa, ana ganin yanzu za ta fita, har azahar ta gota. Tanimu da hannu yake haƙa har faratansa suka fashe. Da ya ga ba ci gaba sai ya kutsa ruwan, ya isa ƙauyen a ƙafa, aka ɗoro tsohon a amalanken jaki zuwa gaɓa, ya goya shi ya ƙetaro da shi. Sai a lokacin aka kira wata mota daga gari. Rana ta yi ja kafin su isa asibiti. Likita ya ce irin wannan ciwo ba ya son jinkiri, da an zo da safe wataƙila da hannun ya dawo, amma Allah ne masani.

Alƙasum ya rayu. Bakin ya miƙe, maganar ta dawo, hannun bai dawo ba.

Tanimu da Yunusu ne suka je suka jawo Goggo su kaɗai. Da na ga buhun nan ya dawo, na ga ƙanena ya shige ƙarƙashin mota da shi yana waige-waige, sai abin ya faɗo mini. Na bar tukunyata na je na tsaya a kansa.

"Tanimu, mi a cikin buhun ga?"

Bai fito ba. Daga ƙarƙashin motar ya ba ni labarin duka.

"Yaya, ni nic ci hannun Baba Alƙasum. Na sani tun ban tada mota ba."

Na zo da zagi cike da baki. Na yi fushi da shi ƙwarai, amma na kuma ji tausayinsa.

Tun daga nan ya canza. Ba ya aron ko ƙusa daga wata mota. Ba ya zare tsirkiya, don ba mai ɗaura ta. Duk ranar kasuwar Barmu yana zuwa ƙauyen da goro da man zafi, ya zauna yana murza hannun da ya mutu. Wata rana na bi shi, don ya ce mini yau zai faɗa. Ya durƙusa gaban tsohon, ya yi bayanin Yunusu da buhu da ƙarfen da ya cire, bai rage komai ba.

Alƙasum ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi dariya da gefen bakinsa mai lafiya.

"Ɗana, ni ban san kardan ba. Abin da nis sani, ruwa ya kai ma ga ƙirji, ni kau ina bisa bayanka. Tashi, kana ɓata wandonka."

"Baba, ba ka gane ba ne. Da na yi magana..."

"Na ce ka tashi. Nusaiba, kawo musu hura."

Haka muka dawo. Ya je a hukunta shi, an ba shi fura.

Bayan girbi 'yan kabu-kabun suka ɗauko tsohon zuwa sunan ɗan Talle. Babu gurmi, sai ya ce a yi masa tafi. Ya yi sabuwar waƙa, ta farko tun da ya kwanta, kuma ta Tanimu ce daga farko har ƙarshe: makanike mai haƙa rairayi da farce, ɗan halal da ya mai da bayansa jirgi. Maza suka yi ta share ido, wayoyi duk a sama ana ɗauka. Kafin mako ya zagayo waƙar ta shiga kowace sifika a Tawa.

Yanzu da wuya a yi sa'a guda moto bai wuce ƙofar garajin da ita ba. Suna rage gudu, su danna oda, su ɗaga masa hannu, fasinja ma ya leƙo ya ga gwarzon. Shi kuma dole ya ɗaga nasa. Jiya wata mata ta sauka musamman ta sa masa albarka, ta ce Allah ya ba ta ɗa irinsa. Ya ce amin. Da ta tafi ya zo ya zauna a bencina, na zuba masa dambu, ya daɗe yana juya cokali a ciki.

"Yaya," ya ce, "ki roƙe su su bar sa waƙar ga. Ni in na roƙa, cewa za su yi kunya ta gare ni."