Gawayin da Barira ta Binne

Shekara goma sha ɗaya Barira ta yi babu maginiyar tukwane kamarta a Kanan-Bakashe. Ran kasuwa takan kai tulu ashirin, kafin azahar ta naɗe tabarma. Wannan kuwa tun kafin Nasara su iso ƙasar ne.

Sai Gado, mijin maƙwabciyarta Zara'u, ya dawo daga kudu, inda ya yi rani biyu yana wankin zinariya. Zinariyar ba ta taka kara ta karya ba, amma ya zo da dunƙule uku na wani baƙin dutse mai santsi, mai ɓata hannu. Zara'u ta goga shi a jikin tulunanta, suka fito suna ƙyalli kamar an shafe su da mai. Kasuwar farko Barira ta komo gida da tulu bakwai. Ta biyu, sha huɗu.

Ta gwada kunkunniya, ta gwada toka da man shanu, duk a banza. Ran nan ta danne zuciya ta tare Gado a bakin rijiya.

"Kai Gado, dutsen nan naku, mene ne asalinsa?"

"Yaya Barira, tsofaffin ramin zinariya cewa suke gawayi ne. Ƙasa ta danne shi can ƙasa, zafi ya dafa shi har ya zama dutse. Shi ya sa ake samunsa kusa da zinariya."

"Shekara nawa yake yi?"

"Wa ya ƙirga?" in ji Gado, yana dariya.

To, ita Barira mai ƙirgawa ce. Ta haƙa rami kamu shida a ƙarƙashin wurin da take gasa tukwane, ta zuba gawayin ƙirya kwando huɗu, ta ɗora duwatsun niƙa tara, ta mayar da ƙasa. Duk gashin da za ta yi, a kansa take hura wuta. Damina bakwai tana jira, tana jin muryar masu saye ta kan danga suna yabon tulun Zara'u.

A ta takwas ta tone ramin. Gawayi dai gawayi, sai dai ya farfashe.

Zara'u ta leƙo ta same ta zaune a bakin rami, baƙi har gwiwar hannu.

"Ikon Allah! Yaya, tuwo za ki dafa a can ƙasa?"

Zara'u ta koma ɗaki, ta fasa dunƙulen da ya rage mata gida biyu, ta kawo mata guda.

"Da kin tambaya tun shekarar farko, ai da na ba ki."

Barira ta karɓa, ta jinjina shi a tafin hannu. A kasuwar da ta biyo baya tulunta ashirin suka ƙare kafin azahar, kamar dā. Amma har ta bar duniya, duk wanda ya yaba ƙyallin tulunta sai ta taɓe baki ta ce, "Ai da ka ga rabin da Zara'u ta riƙe wa kanta. Ya fi nawa da yatsa biyu."